Burokoli da Carbin Malam

Na sauka a tashar Nyanya da hantsi, ranar Talata, kwana tara bayan na fita takaba. Kwana biyu na yi a hanya daga ƙauyenmu da ke bayan Tasawa, a Nijar, ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba. Ina riƙe da jakar kayan sawa da wani ƙaramin buhu. A cikin buhun akwai busasshen cuku da dabino da kilishi, tsarabar da Inna ta haɗa wa mutanen gidan da maigidana, Malam, ya yi wa aiki shekara goma sha ɗaya. Ta ce mutanen da suka yi masa sutura ba a je musu hannu rabbana ba.

Ban gama dafa ƙasa ba wani mutum ya tare ni, sanye da riga irin ta ma'aikatan tasha.

"Hajiya, ina za a kai ki?"

Na ce Kurudu.

"Ai motar Kurudu tana tsallake. Kawo kayan, kada su wahalar da ke."

Ya ɗora buhun a ka ya shige gaba. Shi ya san yadda ake ratsa tsakanin motoci, ni ban sani ba. Na tsaya wata doguwar bas ta wuce, da ta wuce babu shi babu buhu. Na daɗe a tsaye ina duban wurin da na gan shi na ƙarshe, har wata mata mai gasa masara ta kira ni.

"Baiwar Allah, zo ki zauna. Wancan ba ɗan tasha ba ne, kuma ba zai dawo ba."

Ta ba ni kujerarta da ruwan leda. Ita ta danna mini lambar da ke rubuce a takardar da na ƙulle a bakin zane, lambar matar da ta kira ni wata huɗu da suka wuce ta gaya mini Malam ya faɗi a wurin aiki, ya kwana biyu a asibiti, an riga an kai shi makwancinsa.

Sunanta Rifkatu. Kirista ce daga wajen Jos, gajeriya mai saurin tafiya, tana shara da wanki a gidan da Malam ya yi aiki. Da ta iso ta tsaya a gabana tana haki.

"Kai ne matan Habu?"

Haka Hausarta take, namiji da mace duk kai ne. Amma ba wannan ya sa na sunkuyar da kai ba. Sunan ne. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa furta shi ba, sai ga shi a bakin wata a tsakiyar tasha.

"Sori," ta ce, ta riƙe hannuna. "Mutumin kirki ne. Yara nawa?"

"Biyu, mata. Suna wurin Inna."

"Ƙaramin fa, yaya sunansa?"

"Nana."

"To, Maman Nana, tashi mu je gida."

A Kurudu ɗaki ɗaya gare ta, da labule a tsakiya. Ta ba ni katifa ita ta kwanta a tabarma, na yi ta roƙonta ta ƙi. Na gaya mata abin da ban gaya wa kowa a mota ba: cewa ba kayan Malam kawai na zo karɓa ba. Gonar da yake nomawa ta gado ce, 'yan'uwansa sun raba, abin da ya faɗo wa yarana bai kai ya ciyar da su ba. Inna ta tsufa. Idan na koma babu aiki, babban wansa ya riga ya ce zai ɗauki yaran, ɗaya a gidansa, ɗaya a gidan ƙanwarsu a Zinder. Aiki nake nema, kowane iri, don su zauna tare.

Washegari muka bi cunkoson Nyanya muka shiga Asokoro. Gidan yana da doguwar katanga da baƙin ƙyaure. Daga ciki, a gefen ƙofa, akwai ɗan ɗakin maigadi da benci a gabansa, katakon ya yi santsi saboda zama. Na tsaya ina kallon bencin.

"Me kana kallo?" in ji Rifkatu.

"Nan yake zama?"

"Wa?"

"Malam."

"Me zai kawo Habu nan? Habu kuku ne."

Na ce a'a, gadi yake yi. Ta dube ni, ta ga ba wasa nake ba, sai ta ja hannuna ta zagaya da ni ta bayan gida har ƙofar kicin. Ta nuna mini tukwane a jere, da wuƙaƙe a manne a bango, da wani ƙusa inda yake rataye hularsa.

A garinmu namiji ba ya taɓa tukunya. Wanda ya taɓa, da shi za a yi ta hira a gindin bishiya har jikokinsa. Malam kuwa mutum ne da ake ba shi limanci idan liman ya yi tafiya. Ko lokacin da na haifi Nana na kwanta jinya, maƙwabciya ya kira ta dama mini kunu, shi yana zaune a zaure. Sai na tuna wata rana da ya ɗanɗani miyata, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya mayar ya rufe. Ban san me na ji a ƙofar kicin ɗin nan ba. Ba fushi ba ne. Ya fi kama da a ce an sake yi mini rasuwa, ta wani mutum da ban samu na gaisa da shi ba.

Hajiya, matar gidan, ta karɓe ni a falo. Dattijuwa ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta yi mini gaisuwa, ta sa aka kawo akwatin ƙarfen Malam aka ajiye a gabana. Na ba ta haƙurin zuwa babu tsaraba, ta ɗaga hannu ta ce in bar wannan. Sannan na tattara ƙarfina na roƙe ta aiki.

"Shara da wanki akwai mai yi," ta ce. "Abin da ba mu da shi, wanda Alhaji zai ci abincinsa."

Ta gaya mini mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara uku da suka wuce. Likita ya hana shi tuwo da nama mai kitse, ya ce kifi da ganye. Shi kuma ba ya taɓa kifin sai an ajiye masa wani haɗin ganye da cuku a gefe, irin wanda ya saba ci lokacin da yake karatu a Turai. Malam ne kaɗai yake yi masa ya ci. Tun rasuwarsa sun canza kuku uku, Alhaji sai ramewa yake.

"Ke matarsa ce. Ai ya koya miki."

Na yi shiru. Ta ɗauki shirun a matsayin e, ni kuma na bar ta ta ɗauka.

"Kwana uku. Idan ya ci, ɗakin Habu naki ne, aikinsa naki ne. Idan bai ci ba, ranar Asabar direba zai kai ki tasha."

Ranar farko, wato wannan Larabar, an aiki Rifkatu kasuwa, ni kaɗai ce a kicin. Hajiya ta buɗe firji ta fito da abubuwa biyu. Na farko ta ce sunansa burokoli, kore shar, kamar wata 'yar bishiyar tsamiya da aka yanke daga gindi. Na biyu romanesko. Shi na daɗe ina juya shi a hannu. Launinsa na ɗanyen lemon tsami, jikinsa duk tsini, kamar jinkar rumbu, a kan kowace jinka akwai wasu ƙananan jinkaye suna zagayawa, a kansu kuma wasu, har ido ya gaji. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya zauna ya tsara wannan. Ta ajiye cukun kusa da su, wani guntu mai tauri kamar sabulu, mai warin da ya fi namu ƙarfi, ta fita.

Na yi abin da kowace macen garinmu za ta yi idan an ba ta ganye mai kauri. Na yayyanka su tare na zuba a tukunya. A ma'ajiyar kayan abincin ma'aikata na samu kanwa, na jiƙa na tsiyaya ruwan a ciki, yadda muke yi wa rama da zogale don su yi laushi su riƙe korensu. Na rufe na bar shi ya dahu sosai, don mara lafiya ne zai ci. Da farko ya yi kore mai kyau har na ji daɗi. Da na sake buɗewa, bishiyar ta narke, jinkayen sun rushe, wani wari kamar na ƙwan da ya lalace ya cika kicin. Na matse abin da ya saura, na farfasa cukun na barbaɗa kamar ƙuli a kwaɗo.

Alhaji yana zaune a keken marasa lafiya kusa da taga, dogon mutum da rigarsa ta yi masa yawa. Ya dubi farantin, ya juya fuskarsa ga bango. Hajiya ta biyo ni kicin.

"Wannan ai fate ne. Bai koya miki ba ke nan."

"Bai koya mini ba, Hajiya."

Ta cire gilashinta ta goge. "Na riga na ce kwana uku. Ba na janye magana."

A bas, da yamma, muna tsaye cak a cunkoso, na gaya wa Rifkatu abin da na yi. Ta yi dariya har ta dafa kujerar gaba.

"Kanwa? Maman Nana, ka kashe ni. Abin da babana yana nomawa a Jos kamar ƙwai, kai ka zuba masa kanwa?"

Mutanen bas suka fara juyowa. Da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ce ba ta iya girkin ba, amma shekara shida tana goge-goge a kicin ɗin Malam yana aiki, idonta ya ga komai. Ba a rufe tukunya. Ruwa ya tafasa tukuna, gishiri kaɗan. Mai tsinin ake fara sawa don ya fi tauri, bishiyar ta biyo baya. Ana kwashewa a jefa cikin ruwan ƙanƙara.

"Waɗancan kuku uku ɗin, sun iya aiki fa. Amma tare suna zubawa, ɗaya ya nuna ɗaya bai nuna ba. In na yi magana su ce mai shara ne zai koya musu girki."

Na tambaye ta tsawon lokacin da yake barin su a ruwa.

"Habu ba ya duba agogo. Carbi yana ja. Ya sa mai tsini, ya ja har alama na farko, ya sa bishiya, ya ja har ƙarshe, ya kwashe."

"Me yake karantawa?"

"Wannan kuma ni ina zan sani? Bakinsa dai yana motsi."

Rana ta biyu ta tsaya kusa da ni da tsintsiya a hannu, wai shara take. Na raba su reshe-reshe. Na ƙirga da gaɓoɓin yatsuna, Subhanallah talatin da uku, sannan sittin da shida, da irin saurin da na saba. Ta nuna mini yadda ake narka bota da tafarnuwa a juya su a ciki, a jera a faranti, a gurza cukun da abin gurza kuɓewa har ya rufe su, a sa a oben wutar ta doke shi ta sama sai ya yi ja a baki-baki. Abin ya fito da kyau a ido. Alhaji ya ɗauki cokali da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana tauna guda ɗaya, haƙoransa suka kasa, ya fitar a tsumma. Bai ƙara ba. Hajiya kuwa, sai na ji tana gaya wa direba ya duba mai a mota kafin Asabar.

Da muka koma Kurudu, bayan la'asar, na jawo akwatin Malam. Tun da muka kawo shi daga Asokoro yana kusurwar ɗaki na kasa buɗewa. A sama akwai rigunansa biyu da na sani, da dardumar salla. A ƙarƙashi, a ninke, farar rigar kuku mai maɓallai jere biyu, wadda ban taɓa ganin ta a jikinsa ba. Carbin yana cikin aljihunta. Na kai shi hanci, ƙamshin tafarnuwa da bota. Na san wannan ƙamshin. Duk zuwansa gida yana tare da shi, na ɗauka na wani man shafawa ne na birni.

Ina riƙe da shi sai na ji muryarsa kamar yana bayan labule. Malam ba Subhanallah yake ja ba. Istigfari yake yi, cikakke, Astagfirullahal azim wa atubu ilaihi, yana jan ƙarshen kamar mai saukar da kaya daga ka, yana numfashi kafin ya saki ƙwaya ta gaba. Sau nawa kokonsa ya huce ina jiran ya gama. Sau nawa na ce a raina, wannan mutum wane zunubi ya yi da yake neman gafara haka a hankali.

Ranar Juma'a na roƙi Rifkatu ta bar ni ni kaɗai. Ruwa ya tafasa. Na zuba mai tsinin, na kama carbin da hagu, na fara. Bakina yana so ya yi gudu, na riƙe shi. Na bi muryarsa, na tsaya inda yake tsayawa, na yi numfashi inda yake yi. Da na kai alamar farko na zuba burokolin. Sauran sittin da shidan sun yi mini tsawo, don a cikinsu na gan shi tsaye a daidai inda nake, shekara goma sha ɗaya, cikin farar riga, yana dafa wa wani abinci don mu ci, kuma babu wanda zai gaya wa a gida ko ya iya ko bai iya ba. Na kai ƙarshe na kwashe. Na latsa ɗaya da farce, ya shiga ba tare da ya fashe ba.

Na kai farantin da kaina na koma bakin ƙofa na tsaya. Alhaji ya ɗauki ɗaya daga mai tsinin, cukun yana bin cokali. Ya tauna ya haɗiye. Ya ɗauki na biyu. Can ya jawo kifin kusa. Hajiya tana zaune gefensa ta kafa wa taga ido, kamar tana tsoron idan ta dube shi zai daina.

Da ya ci fiye da rabi ya ajiye cokali. Harshensa ya yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Wa ya dafa?"

"Matar Habu ce," in ji Hajiya.

Ya juyo da kekensa kaɗan ya dube ni. "Ke ce Saude?"

Na durƙusa na ce ni ce, ranka ya daɗe.

"Allah ya ji ƙansa. Yana yawan maganarki. Ya ce miyar kukarki ta fi tasa." Ya huta. "Gishiri ne dai, in ji shi, hannunki yana da nauyi."

Hajiya ta yi 'yar dariya. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fita.

Ta same ni a kicin ina wanke tukunya. Ta ajiye makulli a kan tebur.

"Ɗakin yana bayan gida, na biyu daga famfo. Hutu sau ɗaya ne a shekara, sati biyu, bayan Babbar Salla idan baƙi sun watse. Haka Habu yake yi. Yara kuma ba ma ajiyewa a ɗakunan baya, kin ga halin da Alhaji yake ciki."

Na ce na gode. Da gaske na gode.

Rifkatu ta taya ni ɗauko akwatin da jakata daga Kurudu ranar Asabar. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, taga ɗaya mai kallon katanga. Ta share shi duk da na ce ta bari, ta tafi kafin cunkoso ya kama ta. Na zauna a bakin gadon na kira wayar maƙwabcinmu, aka kai wa Inna.

Na gaya mata na samu aiki, ta aika wa wan Malam cewa yara suna nan inda suke, ba mai raba su. Ta yi ta hamdala.

"Wane irin aiki ne?"

"Girki, Inna."

"A gidan da yake gadi?"

Na dubi farar rigar da ke kan akwati. "E. A gidan da yake gadi."

Sai na ji ana kokawa da wayar, muryar Nana ta shigo, kusa sosai, tana numfashi a ciki.

"Umma, yaushe za ki dawo?"

"Bayan Salla."

"Wace Sallar? Ƙarama ko babba?"

Tambayar da na yi wa ubanta ke nan a waya, shekarar farko da ya tafi, ina tsaye a ƙofar gidan maƙwabci da cikin yayarta. Na tuna ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, na kuma riƙe wannan shirun a raina shekaru ina cewa bai damu ba.

"Umma? Kina ji na?"

"Ina jin ki," na ce. "Babba."